Tsuntsuwar da Ke Kan Rufin Gidan Oon

Ni ce babba, ni na yi jinyar kakarmu Ama har ranar da ta cika, amma kwanonin tangaran ɗinta Phaik Choo ta bar wa. Ƙanwata ke nan, wadda ta yi aure ta tare a garin Ipoh, ba ma ganin ƙeyarta sai sabuwar shekara, ta zo da lemo a jaka da wannan dariyar tata mai cika kunne. Kwanonin ruwan hoda ne da kore, sirara har kana ganin inuwar yatsanka ta bayansu, daga Sin aka kawo su musamman don bikin Ama. Ni kuwa farantan kicin aka ba ni, farare masu zanen shuɗi, irin waɗanda 'yan aiki ke cin shinkafa a ciki. Wai ni mai girki ce, za su fi min amfani. Na kwashe su na jera a kicin, amma ban manta ba.

Gidanmu na George Town, a ƙasar Malesiya, uban mijin Ama ne ya gina shi, Oon Chye Hin, wanda ya taso daga Sin ya sauka daga jirgin ruwa da riga ɗaya ya yi arziki a kuza. Mutumin ba ya son a fi shi. Daɓen ƙasa daga Ingila, ginshiƙan ƙarfe daga Sikotlan, ƙofofi masu sassaƙa da ruwan zinariya daga garinsu. Tsakiyar gidan ya bar ta a buɗe don ruwan sama ya zubo cikin dutse, ya zaga ƙarƙashin ɗakuna kafin ya fita, saboda a wurinmu ruwa arziki ne, ba a barinsa ya gudu da sauri. A ƙololuwar rufi kuma ya sa aka yi masa tsuntsuwa mai doguwar jela, duk gashinta gutsattsarin kwanoni ne aka kafe a kwaɓin farar ƙasa.

Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Japan sun zauna a gidan. Bayansu 'yan haya suka cika shi, suna shanya wanduna a ginshiƙan Sikotlan. Ni dai ban taɓa barinsa ba, da roba nake tare yoyo. Tsuntsuwar ta zube kaɗan-kaɗan har ta koma kamar kazar da aka fige.

Da dangi suka haɗa kai za a gyara gidan, aka ɗauko wani tsohon magini daga Fujian ta ƙasar Sin, Sifu Loh. Ya duba kwanonin kasuwa ya ture su gefe. Ya ce launin na yanzu ihu yake yi, in ana son tsuntsuwar ta dawo yadda take, sai tsohon tangaran mai siriri, kuma yanka shi zai yi.

Wallahi a take zuciyata ta yi sanyi. Ranar da muka taru a gaban teburin da muke girmama kakanni, na jira aka gama kunna turare, na ce cikin ladabi ai akwai wadda ke da irin kwanonin, kuma wanda ya ci gadon gida shi ya kamata ya rufa wa gida asiri. Kowa ya juya ya kalli Phaik Choo. Fuskarta ta sauya, na ce a raina to madalla, yau dai ki ji yadda ake ji.

"Gaskiyar Taci ce," in ji ta. Haka take kirana, wato yaya. "Zan kawo su."

Ta kawo su kuwa, naɗe a tsofaffin jaridu. Na ɗauko kujera na zauna kusa da Sifu Loh. Yana kama kwano ya fasa shi biyu, ya sa awartaki yana gutsurowa ƙas, ƙas, kowane yanki da lanƙwasarsa kamar gashin tsuntsu. Phaik Choo ba ta iya tsayawa ba, ta shige kicin. Ni har kofi na haɗa wa tsohon, da madara mai yawa.

Ranar da aka kwance gorar da suka yi tsani da ita, unguwa ta fito. Rana ta daki rufin, sai ga tsuntsuwa ta buɗe fiffike, ƙirji ruwan hoda, jela koriya tana walƙiya. Mai sayar da taliya a bakin titi ya tambaya ko kwanonin wa ne, aka faɗa masa. Kafin yamma kowa cewa yake tsuntsuwar Phaik Choo. Baffanninmu suka riƙa yabonta, wai 'yar halak, ta ba da abin da ta fi so. Ita kuma ta zo ta kama hannuna a gaban mutane, idonta da ƙwalla.

"Taci, ba don ke ba da suna cikin kabad, babu mai ganinsu."

Na so in fizge hannuna. Raina ya yi baƙi ƙirin.

Washegari na kwaso farantaina gaba ɗaya na kai wa Sifu Loh, domin akwai sauran furannin ado da bai gama ba a gefen rufin. Na ce su ma na Ama ne. Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce, ya juya shi, ya girgiza kai. Ya ce sun yi kauri, awartaki ba zai ci su ba, kuma shuɗin ba ya fita daga nesa. Da ya ga fuskata sai ya sassauta murya, ya ce amma gindin da tsuntsuwar ke tsaye a kai yana da rami ta baya, yana neman ciko mai ƙarfi. 'Ya'yan baffanninmu na tsaye suna ji, ba dama in mayar da su kicin. Ya farfasa su da guduma, ya cusa, ya shafe da farar ƙasa.

Phaik Choo ta koma Ipoh abinta. Ni ɗakina yana nan inda yake, tagarsa na kallon tsakar gida. Duk safiya in na buɗe, tsuntsuwar nake fara gani a sama tana sheƙi. Baƙi na zuwa su ɗauki hotonta, su tambaye ni ko ni ce Phaik Choo. Sai in ce a'a, ni ce yayarta, farantaina suna ƙarƙashin ƙafar tsuntsuwar. Su leƙa, su leƙa, ba su ga komai ba.