Unguwar da Lokacinta Ba Shi da Nauyi

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu jikina bai sake ba.

Wata uku ke nan ina fama da lissafi a kwamfuta kan yadda ruwa ke ratsa ƙasa. Hanyar da nake bi tana rarraba komai zuwa igiyoyi irin na ruwa, kuma so take lokaci ya yi nauyi ɗaya a ko'ina. Ƙasa kuwa ba haka take ba: yashi daban, laka daban.

A mafarkin sai na gan ni a wani gari da kowace unguwa ke da gudun lokacinta. A kasuwa, mahauci ya ɗaga wuƙa tun bara bai sauke ba. Can gangare kuma yayana Tanimu na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, gemunsa na tsawo ina kallo.

"Ɗanlami, zo ka ciro ni," in ji shi.

Na ɗaga ƙafa, ta ƙi sauka sai jibi.

Sai ga ni a wani ofis, wata zalɓe mai tabarau zaune a bayan tebur.

"Ranki ya daɗe, yayana zai nutse."

"Nan ba ma duba mutum ɗaya," ta ce. "Igiyoyi muke dubawa. Yayanka na warwatse cikin igiya dubu, kowacce ta sarƙe da 'yar'uwarta."

"To, a raba kowace unguwa da nauyin lokacinta."

"Na gangare sifili ne. Raba mu gani."

Ba a raba lissafi da sifili. Sai na ce a ɗora wa kowa matsakaicin nauyi, ragowar kuskuren a riƙa gyara shi zagaye bayan zagaye. Ta buga hatimi, ta miƙo mini alli.

Ta taga nake hango Tanimu. A zagayen farko ruwa ya kai masa ƙugu. A na arba'in gemunsa ya yi fari fat. Kuskuren na raguwa, amma kaɗan-kaɗan. Da ruwan ya kai haɓarsa, ya ɗaga kai ya ce, "Ba komai, ƙanena. Ƙarasa aikinka."

Ban ajiye allin ba.

A zagaye na ɗari biyu lissafi ya daidaita. Zalɓen ta duba, ta ce ba ta taɓa ganin amsa mai tsabta haka ba. Na gangara da takardar amsar a hannu. Ruwan ya kwanta lif, hularsa kaɗai ke juyawa a kai.

Ina tsaye a wurin maƙwabcinmu ya tayar da injin markaɗe, na farka.