Allurar da Aka Hana Hambali

Hambali na cikin ɗaga injin ban ruwa daga bakin kanal ya ji ƙugunsa ya ce ƙas. Nan ya durƙushe cikin shinkafa. Ƙaninsa Ibrahimu ne ya samo a-daidaita-sahu, ya kwaso shi daga gonarsu ta bayan Bunkure zuwa sashen gaggawa na wani asibiti a Kura.

Likitar da ke aiki ranar, Rauda, ta daddanna masa baya, ta sa ya ɗaga ƙafa, ta tambaye shi ko ƙafar ta mutu ko fitsari na kufce masa. Babu ko ɗaya.

"Tsoka ce ta ɗaure, Malam. Zan ba ka maganin ciwo da na shafawa. Ka riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, kana ɗan tattaki."

"Tattaki? Ke makauniya ce? Allurar nan za ki yi min, mai sa mutum ya manta da jikinsa. Bara an yi min ita."

"Ba zan yi ba. A irin wannan ciwon ba ta fi abin da zan ba ka ba, kuma jiki sabawa yake da ita."

Hambali ya doki ƙarfen gado har mutanen ɗakin suka juyo. "Wato ɗan ƙwaya kika mai da ni! A kira min likita namiji, wanda ya san aiki."

"Ni ce a nan," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Sai Ibrahimu ya yi ƙasa da murya: "Likita, gaskiya Yaya tramol yake sha kullum kafin ya shiga gona."

Hambali ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. "Munafuki! Da ka bar ni na mutu a kanal."

Da za su tafi ya ture hannun ƙanin, ya bi bango yana jan ƙafa, yana Allah ya isa. A hanya ya ce wa direba ya tsaya a kemis, zai sayi tramol. Ibrahimu ya ce ya wuce, direba kuwa ya wuce.

Bayan nasa ya saki kafin a gama cire ciyawa. Amma har aka yanke shinkafa Hambali bai amsa gaisuwar Ibrahimu ba, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya faɗa musu bai taɓa ganin muguwar mace irin likitar nan ba.