Kwalaben Ɓeraye

Aikina ke nan, auna fitsarin ɓera. Yayata kan ce duk bokon da na yi a nan ya ƙare, ni ma na daina musu.

Ɓerayen namu da hawan jini aka haife su. Abinci mai gishiri muke ba su, kowanne a kejinsa, kwalbar ruwa mai layin awo a sama, mazurarin fitsari a ƙasa. A duba abin da ya sha, a cire abin da ya fitar, a ga nawa jiki ya riƙe. A kan wannan ragowar digirina yake rataye, Farfesa kuwa ya riga ya ce daga waɗannan ɓerayen ba za a sake kawo wasu ba.

Sai lissafi ya ƙi. Kwalabe ba sa raguwa, mazurarai kuwa cike. Ɓera bai sha ba, amma yana zuba kamar famfo. Na canza kwalabe, na zargi idona, har ma'aunin sai da na zaga. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Wata safiya na yi sammako, na tarar da Inna mai shara ta jingine tsintsiya, tana bin kejin ɗaya bayan ɗaya da buta.

"Inna, me kike yi?"

"Ruwa nake ƙara musu, 'yar nan."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na lasa abincinsu na ji gishiri zau."

Wato tun farko. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Na daure na ce, "Ai ba hana su muke yi ba, aunawa muke yi."

"Haka likita ya ce da ni a kan maigidana," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Ƙafafunsa suka kumbura, aka ba ni kofi mai layi, aka ce kada ya wuce. Ban taɓa wucewa ba. Ranar da zai cika, ruwa ya roƙa, na ce ya shanye na yau, ya bari sai gobe."

Duk faɗan da na tara na fasa shi. Aikin dai ya riga ya mutu, ihu bayan hari ne.

Inna ta kasa buɗe kwalba ta gaba. Na cire murfin na riƙe mata, ta zuba.