Ranar Da Aka Yanke Hanyar Baffa Balgasim

Duk ƙauyen nan na tsibirin Karkana babu wanda bai san inda Baffa Balgasim yake zuwa bayan la'asar ba. Shi kaɗai yake zaton sirri ne. Sai ya shafa turare, ya karkata jar hularsa, ya ce wa ƙanwarsa Barniya zai je duba dabino.

"Yaya," in ji ta, "wai dabinon nan sai da ƙamshi yake nuna?"

Dabinon ma ba ya 'ya'ya. Sai dai a gindinsa gidan Shadliya yake, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, can ƙaramin tsibirin tsallake. Dattijo ya sha shayinta mai na'ana'a, ya yi zancen iska da zafi, ya taso. Maganar aure kuwa kullum a maƙogwaro take maƙalewa.

Hanyar da yake bi ta ƙasa ce da duwatsu. Da ita aka toshe bakin tafkin ruwan teku da ke tsakanin tsibiran biyu tun yana saurayi, don amalanke ya riƙa wucewa. Daga nan teku in ya cika ba ya shiga, in ya janye ba ya wanke komai. Ciyawar ƙasan ruwa, wadda kifi ke ƙwai a cikinta, ta ruɓe ta zama baƙin taɓo. Kifi ya gudu, jatan lande ya bi bayansa, wari ya gaje wurin.

Da masunta suka gaji, suka nemo izinin hukuma za su yanke hanyar a tsakiya. Gada kuwa sai an samu katako. Hankalin Balgasim ya tashi. Tela ne, haifaffen tsibiri, amma ko daga tudu ya hango kwalekwale yana rawa sai jiri ya ɗebe shi.

"Hanyar kakanni ce!" Ya buga tebur a wurin mai shayi.

"Waɗanne kakanni, Baffa?" in ji wani masunci. "Da jakinka aka kwaso duwatsun."

Da yammar nan ya tarar da Shadliya ta kife butar shayi.

"Na ji an naɗa ka sarkin gadin wari," ta ce. "Dā ciyawar nan igiyar ruwa ke watso mana ita, mu shanya mu cusa katifa. Yanzu tawa ta zama tabarma, bayana kamar an daka. Ranar da ruwa ya shiga tafkin nan, ranar butata za ta ga wuta."

Ya koma gida yana lissafi a zuci. In an yanke, babu hanya. In ba a yanke ba, babu shayi.

Ranar aikin, da hantsi ruwa ya janye, maza suka fito da shebur, har Liman ya naɗe wando. Sai ga Balgasim da shebur ɗin aro, yana zuba ƙamshi. Ya ratsa mutane, ya tsallaka can ɓangaren gidan Shadliya, ya hau haƙa kamar wanda aka ce masa akwai zinariya.

Rami ya yi zurfi, teku ya fara dawowa.

"Baffa, dawo nan, ruwa na tafe!"

Mutumin da ke jin motsin cokali daga bayan katanga, ran nan sai kunne ya toshe. Shi ya kai wa ragowar ƙasar sara na ƙarshe. Ruwa ya ɓalle da ruri, kore shar, ya shige tafkin yana tura baƙin taɓo gaba. Mata suka rangaɗa guɗa. Da aka waiga, duk gari na nan, Balgasim na can.

"Ga kwalekwale, Baffa!"

"Ku bar min shi can!"

"To ka jira ruwa ya janye."

"Kun ga zurfin da kuka yi kuwa?"

Shadliya ta fito da buta tana tururi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Shayi dai ga shi. Kwana fa? A kan dabino?"

Balgasim ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Duk gari kowa ya miƙa wuya.

"Shadliya," ya ce, "in da hali… wato… katifar nan, in za a sake cusa ta, a faɗaɗa."

"Shekara da shekaru, abin da bakinka ya iya ke nan?" Ta miƙa masa kofi. "Sai ka ɗinka da kanka, tela."

Barniya ta dafa kafaɗar Liman. "Malam, tunda wandonka a naɗe yake, shiga kwalekwale ka ɗaura auren kafin Yaya ya haɗiye sauran maganar."

Ciyawa ba ta yi gaggawa ba. Sai da aka ga sanyi ya zo ya wuce, sannan ta fara tsiro tsilli-tsilli a bakin mashigin, ƙananan kifi na wasa a ciki. Gada ma ta samu daga baya. Amma in Barniya ta aika a kira yayanta cin kuskus, sai ya ce aikin dabino ya yi masa yawa.