Babi na Biyar

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karatun harkar banki da manufofin kuɗi, kuma albashin Baba ne ya riƙe ni. Shekararsa ashirin da uku kan injin narka roba a wata masana'antar bokitai da ke Sharaɗa. A shekarata ta ƙarshe kowa a gidanmu ya san aikin nasa yana rawa. Dala ta tashi, ƙwayar robar da ake shigowa da ita ta yi tsada, Babban Banki kuma sai ƙara kuɗin ruwa yake yi. A aji muna kiran wannan matakin daƙile hauhawar farashi. A gida kuwa Umma ce take rage awon shinkafa.

Da aka zo binciken kammala karatu, na zaɓi in duba yadda ƙarin kuɗin ruwa yake shafar ƙananan masana'antu, na ɗauki kamfanin su Baba misali. Baba ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Shi ya roƙar min izini wajen manajansu, Alhaji Abdulbaƙi, shi ya raba wa abokan aikinsa takardun tambayoyina, ya dawo min da su duk tabon baƙin mai.

Babi huɗu da gumina na rubuta su. Na biyar, wato babin shawarwari, shi kowa ya raina. Malamai ba su cika duba shi ba, ɗalibai kuma kwafo shi suke yi daga tsofaffin kundaye da ke jibge a shagunan buga takardu. Ni ma da ya rage kwana biyu a rufe karɓa, abin da na yi ke nan. Na sa mai shago ya ɗauko min shawarwari shida, ya canza sunan kamfani, ko karantawa ban yi ba. Aka ba ni maki mai kyau, ina ta wani ɗaga kai.

Al'ada ce a kai wa wurin da aka yi bincike kwafi ɗaya na godiya. Baba ya ce shi zai kai da hannunsa.

"Atika, bari manaja ya ga mu ma muna haifar masu ilimi," in ji shi. "In ma za a sallami mutane, ai ba za a fara da uban mai wannan littafi ba."

Baba ba ya karanta Turanci. Ya naɗe kundin a leda, ya ɗaure a bayan kekensa.

Sai bayan kwana biyu na buɗe nawa kwafin, don kawai in ji daɗin ganin sunana. Idona ya faɗa kan shawara ta uku, a shafi na sittin da huɗu. Cewa ta yi, muddin kuɗin ruwa yana sama, kamfani ya sallami ma'aikatan da suka daɗe, tunda albashinsu ya fi nauyi, ya ɗauki 'yan aikin wucin gadi. Na tsani kaina, wallahi na tsani karatun gaba ɗaya. Na rasa da wane baki zan faɗa wa Baba, sai na yi ta lallashin kaina cewa manajoji ba su da lokacin karanta shirmen ɗalibai.

Bayan mako uku Baba ya dawo gida tun kafin azahar. Ya zauna kan tabarma ko takalmi bai cire ba, ya ce an sallame su, su goma sha huɗu, duk tsofaffin hannu. Umma ta yi salati ta shige ɗaki.

Har yau ban sani ba ko dama za a sallame su. Wataƙila. Amma ba wannan ya karya ni ba.

"Sai dai fa manaja ya yabe ki," Baba ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Ya ce 'yata tana da ƙwaƙwalwa, ta gano abin da su suka daɗe suna tunani. Har shafin ya faɗa min, sittin da huɗu. Zo ki karanta min da Hausa, in ji abin da ya burge shi. Ko ba komai yau in ji wani abu mai daɗi."

Ya matsa min wuri a kan tabarmar, ya gyara zama yana jira.