Sallau Ya Goya Inna Zuwa Kano

Daren jiya Sallau tela ya yi wani mafarki. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a gidansa na Jos har ta soma ƙin abinci, ita ce ta zo ta tashe shi.

"Saka takalminka, za mu Kano. Ina so in ga garinmu."

Ya goya ta, suka fita ta zaure, sai ga su a Ƙofar Mata da hantsi. Ruwan sama yana fitowa daga ramukan rini yana hawa sama, shuɗi shar, mutane sun kifa lema ƙarƙashin ƙafafunsu. Wani tsohon marini ya ɗago kai.

"Tabawa, kin daɗe."

"Aure ne ya kai ni nesa."

Ya tsoma mata mayafi a rami, ya fito da zanen unguwarsu a jiki, har da hayaƙin girki yana tashi.

Daga nan sai gidan kayan tarihi. Akuya ce a teburin shiga, da tabarau. A ciki kuwa mutane ne zaune a akwatunan gilashi, tuluna da tsofaffin ƙyamare suna zagayawa suna kallonsu. Akuyar ta dubi Inna da kyau.

"Malam, sauke ta nan. Akwai wuri kusa da taga."

"Uwata ce fa."

"Duk na ciki iyayen wasu ne. Wanda ya daina cin abinci namu ne. In ta ci kafin la'asar, taka ce."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har kujera ta ba shi. Sallau bai zauna ba.

Ya kutsa Kasuwar Kurmi da gudu, lunguna suna matsawa gefe suna yi masa sannu. Ya sayi fura, Inna ta kau da kai. Ya sayi dambun nama, ta ce wa mai dambun ya gai da gida. Rana ta sauko ta zauna bisa Dutsen Dala, ta harɗe ƙafa tana jiran ladan. Sallau ya ji hawaye na bin goshinsa suna shiga hula.

A bakin rafin Jakara ya ga wata mata tana ciro gurasa daga tanderu. Kande ce, yayar Inna, wadda ta rasu tun yana ƙarami. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ke Tabawa, har yau sai an roƙe ki?"

"Yaya, bakina ne babu daɗi."

"Buɗe shi mu gani."

Ta yayyafa wa gurasar ruwa, ta zuba ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Inna ta karɓa ta gutsura. Ta sake gutsura.

"Yajin ya yi kaɗan," in ji ta.

Garin ƙuli yana zuba a wuyan Sallau. Kowace loma sai Inna ta ƙara nauyi, shi ko sai dariya yake yi. Ladan ya gyara murya, ya tarar ta riga ta miƙa hannu tana neman ta biyu.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe shi. Gari ya waye, bayansa na ciwo. Ya leƙa ɗakin Inna, tana barci. Ya sami matarsa a madafa tana shirin dama kunu.

"Dakata tukuna," ya ce, yana laluben hularsa. "Ina ake sayar da gurasa a garin nan?"