Firam Ɗin Guntuwa

Guntuwa ake ce mata tun tana goye, kuma har ta haifi 'yarta sunan bai sake ta ba, don tsawon bai zo ba. A ɗakin wanki na wani otal take aiki, can ƙarshen gari, kuma bas ɗin layinsu ta ga-dama ce, yau ta zo, gobe ta shanya mutane a bakin titi. Shugabar ɗakin wankin ta gaya mata a gaban kowa cewa in ta ƙara makara ko sau ɗaya, kada ma ta wahalar da kanta shigowa.

Shi ya sa ta ƙudurta haɗa keke. Ba na yawo ba, keke mai aiki: ta ɗora 'yarta a baya ta sauke ta a makaranta, ta wuce otal, in ta taso ta ɗauko cefane ko tukunyar gas. Da kaɗan-kaɗan ta tara kayan a bayan ƙofa, tayoyi masu kauri saboda ramukan hanya, sarƙa, feda, kwando, da kariya mai faɗi, wato mazaunin baya, wadda yarinyar za ta zauna a kai. Firam kaɗai ya rage, wato gangar jikin keken da ake ɗaura komai a kai. Kuskurenta ɗaya, ta faɗi shirinta a gaban yayanta.

Yayan nan dogo ne, mai son a ce ya sani. Ya hau keke a samartaka, to tun daga nan ya naɗa kansa malamin kekuna na dangi. Ya ce shi zai raka ta shagon sayen firam ɗin, kada a cuce ta.

Shagon na 'yan gwanjo ne, firam-firam rataye a rufi, wasu jingine a bango, ga warin tsatsa da baƙin mai. Tana shiga idonta ya faɗa kan wani kore na ƙarfe wanda sandarsa ta yi ƙasa, mace za ta zura ƙafa ta hau ba tare da ta ɗage siket ba. Ta durƙusa ta duba. Ga ƙananan huji kusa da mazaunin tayar baya inda ake ɗaure kariya da noti, ga fili wadatacce na taya mai kauri.

"Wannan nake so," in ji ta.

Mai shagon bai ko dube ta ba. Yayan yake kallo. "Yallaɓai, wanne za a sauko da shi?"

Yayan ya riga ya ciro wani ja mai sheƙi, yana ɗaga shi da yatsa biyu. "Guntuwa, ji nan. Kamar takarda. Wancan ai jaki ne, na tsofaffi." Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka sandar ya tsaya, mai shago ya zagaya shi yana gyaɗa kai yana cewa kamar don shi aka ƙera. To don Allah wa zai hau keken?

"Yaya, ba shi da hujin kariya. Kuma sandar ta yi mini tsayi."

"A ɗaure da waya. Tsayi kuma sabo ne, za ki saba."

"Tayoyina ba za su..."

Ya juyo ya rage murya, irin ragewar da ta fi tsawa zafi. "A gaban mutane za ki riƙa musu da ni?"

A gidansu ƙanwa ba ta mayar wa yayanta magana a waje, haka aka tashe su. Ta biya kuɗin jan firam ɗin. Ta ce a zuciyarta, bari a rabu lafiya, gobe ta dawo ita kaɗai ta canza.

Ina. Kirkin Yaya ba ya jiran gobe. Kafin ta dawo daga aiki washegari, ya zo ya kwashe kayan bayan ƙofa ya kai wa mai gyaran keke tare da jan firam ɗin. Tayoyin suka ƙi shiga, kamar yadda ta so ta faɗa, sai ya ba da izini a musanya su da wasu sirara kamar tsinken tsintsiya. Kariyar ta rasa maɗauri, aka jefa ta ƙarƙashin benci. Ya kira ta a waya cike da murna, ya ce an gama, zai ɗan gwada shi yau, gobe da sassafe yana ƙofarta. "Manta da bas. Kin gama da bas."

Da safen ta shirya yarinyar, suka tsaya a bakin ƙofa. Bas ta zo a kan lokaci, abin da ba ta saba ba, ta tsaya, ta tashi, Guntuwa tana kallo. Can sai ga Yaya ya ɓullo a guje a kan keken, rigarsa na kaɗawa, ya ja birki a gabanta yana dariya. Ya miƙa mata, ya ce yana sauri, ya tare mai babur ya tafi.

Sirdin ya kai mata haƙarƙari. Ta tattare siket ta cilla ƙafa, sandar ta tokare ta. Ta jawo keken bakin dakali ta hau ta can, ƙafafunta suna lilo, feda na ƙasa ya yi mata nisa. Ta yunƙura, keken ya karkata, ta zube a gefen kwata, gwiwarta ta goge. Yarinyar tana tsaye da jakarta tana neman inda za ta zauna, babu.

Haka ta tura shi, hannu ɗaya a keke ɗaya riƙe da 'yarta, har makaranta, daga nan har otal, gumi yana shiga mata ido. Da ta leƙa ɗakin wankin, injuna suna ta juyi, wata baƙuwar mace tana tsaye a teburinta tana ninke zannuwan gado. Shugabar ta dubi agogon bango, ta dube ta, ta koma kan aikinta.

Da yamma Yaya ya zo jin labari. Ya tarar da ita zaune a dakali da tsumma a gwiwa. Bai lura ba. Ya hau keken ya kewaya tsakar gida, ya dawo yana shafa sandar.

"Yaya aka ji shi? Iska ko?"

"An sallame ni, Yaya. Ban iya hawansa ba. Ƙafata ba ta kaiwa."

Ya sauko, ya dubi keken, ya dube ta daga sama har ƙasa kamar yau ya fara ganin tsawonta. Fuskarsa ta cika da tausayi na gaske, wanda ya fi komai ƙona mata rai.

"Haba, Guntuwa," ya ce. "Ai da kin yi magana."